Ruwa ba ya tsami banza

Ga Bahaushe, murjani kayan ado ne: jan dutsen wuya da fatake suka daɗe suna ƙetaro Sahara da shi daga gaɓar Bahar Rum. Kaɗan ne daga masu rataya shi suka san cewa ƙashin wata dabbar teku ne. Dabbar ƙanƙanuwa ce, tana zaune dubbai a manne da juna, kowace na gina mazauninta da abin da take tsotsa cikin ruwa. Jan murjani yana son duhu da sanyi. Danginsa na tekunan ƙasashe masu zafi kuwa sai da haske, domin cikin namansu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ta kuma ba su launi.

Irin waɗannan ne wasu mutane ke kiwo a ɗakunansu, cikin akwatunan gilashi. A shekarun 1970 Peter Wilkens ya yaɗa dabarar ɗiga wa akwati ruwan ƙonanniyar farar ƙasa, a shekarun 1980 kuma masu kiwo a Balin, a ƙasar Jamus, suka nuna cewa murjani mai rassa da ake kira Acropora yana iya girma nesa da teku.

A birnin Marsey na Faransa akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, mai akwati na lita 300. Wani abokinsa ne ya ba shi reshen Acropora wanda bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Cikin shekara shida reshen ya zama kamar wata ƴar bishiya mai faɗin faranti. Abokin ya rasu, akwatinsa ya watse, saboda haka babu sauran wannan iri sai a hannun dattijon.

A wani watan Disamba launin bishiyar ya soma kodewa, nama ya fara saɓulewa daga gindi, farin ƙashi yana bayyana. Abokansa na ƙungiyar masu kiwo suka yi ta ba shi shawara. Wannan ya ce a canza rabin ruwan, wancan ya ce a rage fitila, wani ya ce a sa maganin da ke kwashe fosfat. Kowace shawara na da hujja, amma dattijon ya san cewa in ya yi su duka rana ɗaya, ko murjanin ya tashi ba zai san abin da ya tashe shi ba, in kuma ya mutu ba zai san abin da ya kashe shi ba. Sai ya ɗauko littafin da yake rubuta awo kowane mako, ya bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da zafi, domin ƙarin digiri ɗaya tak bisa abin da murjani ya saba da shi a lokacin zafi, in ya ɗauki makonni, yakan sa ya kori gansakukarsa ya yi fari. Ma'auni ya nuna digiri 25, yadda ya kamata. Ya duba gishiri. Ruwan akwati na tsanewa kullum ya bar gishirinsa, kamar yadda ake gani a ramukan Bilma, shi ya sa ake cike gurbin da tataccen ruwan daɗi. Ya iske giram 35 cikin kowane kilo na ruwa, daidai da na teku. Nitrat da fosfat, waɗanda ke fitowa daga abincin kifi da kashinsu, suna nan kaɗan. Ya ƙyale su, don in aka kwashe su ƙaf, gansakukar ce za ta ji yunwa.

Saura kayan gini. Ƙashin murjani haɗin kalsiyom ne da karbonat, wato dangin dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Malbaza don yin siminti, wanda shi ma a ƙarƙashin wani tsohon teku ya taru. Ruwan teku na ɗauke da kimanin miligiram 420 na kalsiyom a kowace lita, da kimanin 1300 na manyeziyom, wanda ke hana kalsiyom da karbonat haɗuwa su zube ƙasa a banza. Duka biyun ba su kauce da yawa ba. Karbonat ne ya faɗi. Masu kiwo na auna shi da ma'aunin da suke kira KH, suna riƙe shi tsakanin 7 da 9. Na dattijon ya sauko ƙasa da 6.

Da ya waiwayi shafukan baya sai ya ga faɗuwar ba ta dare ɗaya ba ce. Tun watan Satumba lambar ke sauka kaɗan-kaɗan. Dalilin kuwa girman murjanin ne kansa: abin da ake zuba masa kullum ya ishi ƙaramin reshe, bai ishi bishiya ba. Karbonat ya riga kalsiyom nuna alama saboda ajiyarsa cikin ruwa ba ta da yawa. Ga kuma hunturu: tagogi a rufe, jikoki sun zo hutu, murhun gas na ci. Iskar da mutane ke fitarwa in sun yi numfashi ta taru a ɗakin, ta narke cikin ruwan, ta ƙara masa tsami, har ma'aunin pH ya sauko zuwa 7,8 da asuba maimakon ya tsaya kusa da 8,1. Ga ƙarancin kayan gini, ga tsamin da ke sa ginin ya yi wuya.

Maganin ba shi da tsada: bikarbonat, ɗan'uwan kanwa. Ana iya mai da lambar 8 cikin awa guda, amma tsalle irin wannan yakan ƙarasa murjanin da ya galabaita, don sauyi na farat ɗaya ya fi yi masa illa bisa ƙarancin da ya saba da shi a hankali. Dattijon ya riƙa ƙara rabin maki a yini. Ya ja ƴar tiyo ta taga don na'urar kumfa mai tsabtace ruwan ta riƙa shaƙo iskar waje. Da ya ga saɓulewar ba ta tsaya ba, ya sa almakashi ya yanke rassa bakwai masu lafiya sama da inda ciwon ya kai, ya manna kowane a kan ɗan dutse. Gindin da ya yi shekara shida yana gini ya mutu. Biyar daga rassan sun kama, kuma wajen watan Maris bakunansu suka yi haske irin na sabon tsiro. Ya raba uku ga abokansa, don kada irin ya sake zama a hannun mutum ɗaya.

Abin da ya faru cikin lita 300 yana faruwa a babban teku. Tun farkon zamanin masana'antu, hayaƙin da teku ke shanyewa ya sauko da pH ɗinsa daga kimanin 8,2 zuwa 8,1, ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin ɗari ke nan. A 1999 da 2003 zafin ruwa ya kashe jan murjani mai yawa a gaɓar Marsey. A 1998 murjani ya yi fari a tekunan duniya gaba ɗaya karo na farko, a watan Afrilu na 2024 kuma hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da karo na huɗu. A nan ma lambobin sun daɗe suna motsi kafin farin ya bayyana, kuma suna rubuce. Bambancin shi ne teku ba shi da tagar da za a buɗe, ba a kuma canza masa ruwa. Iskar da ke bisansa ce kaɗai ake iya gyarawa.