Damagaram: Tsakanin Soron Kaka da Bulon Jika

Wanda ya shigo Damagaram ta hanyar Yamai, bayan tafiyar kilomita kusan 900, ba fadar Sarki ce za ta fara tarbarsa ba, bulon siminti ne. Dama da hagu filaye ne da aka yanka aka kewaye, wasu an kai gininsu tsayin taga aka dakata, wasu an ɗora kwano babu ƙofa, ƙarafa sun yi tsatsa suna jiran ranar da mai su zai sake samun abin sayen buhu goma. Mafi yawan masu waɗannan gine-gine samari ne da magidanta masu ƙananan shekaru, kuma da yawansu an haife su ne a cikin manyan gidajen ƙasa na Birni da Zango. Mun yi kwanaki muna kai-komo tsakanin tsofaffin unguwannin da sababbin, muna sauraron abin da kowane ɓangare yake faɗa game da ɗan'uwansa.

Birni ita ce zuciyar garin. A nan fadar take, a tsakanin manyan duwatsun nan da suke kwance kamar giwaye. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye ta da garu, kuma a zamaninsa Damagaram ta zama matattarar ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus. Zango kuwa masaukin fatake ne a wajen garu, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidajensu. Faransawa sun kama garin a 1899, ya zama hedikwatar mulkinsu har zuwa 1926 da suka mayar da ita Yamai. A 2006 an sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da Nijar take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya.

Lungunan Birni matsattsu ne, masu lanƙwasa, inuwa ba ta rabuwa da su. Idan mutum ya ɗaga kai zai ga zankwaye a kan soraye, da indararo da ke zubar da ruwan sama can nesa da bango, da zanen da magina suka yi a goshin zaure tun yaɓe yana ɗanye. Bangon tubali ne mai kauri, rufin azarar giginya ce da aka dafe da ƙasa. A tsakiyar bazara, lokacin da ɗakin kwano yake zama tanda, mun zauna a wani zaure muka sha fura ba tare da mun nemi mafici ba.

Amma wanda ya tsaya ga kyan zane kaɗai bai fahimci gidan ba. An gina shi ne don ya ɗauki jama'a. Zaure na maigida ne da baƙinsa da almajiransa. Bayansa akwai shigifa, sannan cikin gida, inda kowane ɗa da ya yi aure ake yanka masa sashe, a ɗaga masa ɗaki. Tukunya ɗaya, rumbu ɗaya, ƙofa ɗaya da kowa zai bi ta gaban dattijo safe da yamma. A wurin mutanen wancan zamani, arziki shi ne yawan bakin da ke ci daga hannunka. Shi ya sa idan ɗa ya tara kuɗi ya sayi fili a bakin gari, uba ba ya kallon abin a matsayin ci gaba. Yana ganin an rage masa jama'a ne, an kuma nuna wa gari cewa gidansa ya gaza.

Ƙorafin dattawa a kan samari sananne ne, mun ji shi a ƙofar masallaci mun ji shi a kasuwar Dole. Suna cewa yaran yanzu ba su san tari ba: abin da aka samu da safe ya tafi a wayar salula, da babur, da shayin fada kafin dare. Suna cewa ɗa ya gwammace ya biya hayar ɗaki ɗaya, irin wanda ake kira antire-kushe, da ya zauna kyauta a gidan da aka binne cibiyarsa, don kawai kada matarsa ta yi girkin gida. A cikin wannan akwai gaskiya. Mun ga samarin da wayar hannunsu ta fi kuɗin gyaran ɗakin mahaifiyarsu, ɗakin kuma yana yoyo.

Sai dai idan aka zauna da samarin, lissafinsu ba na wauta ba ne. Gidan da kaka ya gina wa iyali guda yau hawa uku ko huɗu na zuriya ne a ciki, tsakar gida ta ƙare, babu inda za a ƙara ɗaki. Ginin ƙasa kuma yana son yaɓe kafin kowace damina. A da ana yin wannan da gayya: samarin gida su kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa, a yi tuwo a ci a watse. Wato ƙarfin samari ne, ba tare da lada ba, yake riƙe da soron dattijo. Yau ƙasar ma sai an saya an ɗauko a amalanke, magini yana son kuɗinsa a hannu, ruwa kuwa, a garin da ƙishirwa ta daɗe da zama masa suna, sai an biya ƴan ga-ruwa. Saurayi yana cewa: me zai sa in zuba abin da na samu kowace shekara a bangon da mu talatin ne magadansa, alhali bulo ɗaya da na aza a filina nawa ne da ƴaƴana?

Akwai kuma abin da dattawa kan manta. Da yawansu sun kafa kansu ne a zamanin gyaɗa, ko zamanin da mai takardar lakwal yake fita ya tarar da aikin gwamnati yana jiransa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi, har kwano da ƙarfen gini, ya yi tashin gwauron zabo. Matatar mai da aka buɗe a arewacin garin a 2011 ta ɗauki wasu, amma ba ta isa ta ɗauki samarin gari guda ba. Dubbai sun dogara da kabu-kabu da sayar da man fetur ɗin Najeriya a kwalba, har Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, ribar ta tsuke. Babur ɗin da uba yake kira almubazzaranci, sau da yawa shi ne gonar ɗan.

Su ma samarin suna da nasu tuhumar, kuma tana da nauyi. Suna cewa masu yi musu wa'azin tattali su ne dai suke tsawwala lefe da kayan ɗaki da gara in an zo aure, don kada dangin wane su raina. Abin da aka kashe a bikin kwana uku, inji su, ya isa ya kai ɗaki biyu rufi. Mun lura a nan iyaye mata ne suka fi riƙe da igiyar, kuma kunyar maƙwabta ce take jansu, ba son ransu ba.

A ganinmu, abin da ya fi cin gidajen Birni ba ruwan sama ba ne, gadon da aka ƙi rabawa ne. Maigida zai rasu, a ji nauyin tada maganar rabo, a ce a bar gida yadda yake don zumunci. Shekaru su shuɗe, wasu magadan su rasu su bar nasu magadan, wasu suna Yamai, wasu Kano, wasu Agadas. Gida ya zama na kowa, saboda haka ba na kowa ba: wanda ke ciki ba zai gyara ba don ba nasa ba ne shi kaɗai, wanda ke waje ba zai aiko ba don ba shi yake kwana a ciki ba. Matan da suka yi aure suka fita kuwa, kasonsu kan narke shiru. Alhali fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan nan ya tanadi mafita. Ana iya yi wa gida ƙima kowa ya san rabonsa ko da ba a tsaga shi ba, kuma akwai haƙƙin shuf'a, wanda ya bai wa abokin tarayya damar karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a kan farashin da aka sayar. Da an yi aiki da wannan tun da wuri, mai son zama ya sayi kason mai son tashi, da mai tashi ya samu kuɗin bulonsa, soro kuma ya samu mai shi.

Daminar 2024 ta nuna yadda lamarin ya yi nisa. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa, gidaje masu yawa kuma suka bi shi a faɗin ƙasar. Bayan ambaliyar gwamnati ta rage farashin siminti. Samari suka ɗauki rushewar hujja ce a kan ginin ƙasa. Dattawa suka ce ai ginin ya tsaya fiye da shekara 150, kuma tsagar da ta kayar da shi an daɗe ana ganinta.

Akwai wata hanya ta tsakiya da wasu gidaje suka bi, ita ce shafe bangon ƙasa da siminti. Daga waje abin yana da kyau, kuma yana kashe gardama tsakanin uba da ɗa na ɗan lokaci. Amma tsofaffin magina ba sa yaba ta. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. In ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita, tubali ya jiƙe a ɓoye, har wata rana shafen ya ɓanɓaro gaba ɗaya ya taho da rabin bango. A lunguna da dama na Zango mun ga irin wannan, fatar siminti a ƙasa, tsohon zanen magini ya sake bayyana a bayanta.