Loma Huɗu

Washegarin Babbar Sallar da ta wuce ɗan ƙanena ya zo gaishe ni nan Zauro, wata bakwai bayan dawowarsa daga Alkahira inda aka yi masa aikin rage tumbi. Da ya sauko daga mota sai da na dubi fuskar sau biyu. Babbar rigar da na san shi da ita ta koma kamar ta aro, wuya ya fito, fatar damtse tana reto. Aka yi mana shimfiɗa a zaure, aka kawo tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu, ga soyayyen naman layya cike da kwano. Ya ɗauki tsoka guda ya yayyage ta ƙanana, ya yi ta tauna kamar mai ciwon haƙori. Sannan ya sa hannu a tuwo. Ina ƙirgawa a zuci, loma huɗu ya yi ya jawo ruwan wanke hannu. Na tura masa kofin ruwa, ya ce sai bayan rabin awa.

"Baba, alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Bakina ya riga ya buɗe. Abin da ke kan harshena shi ne in ce haba, ci mana, ko raina abincin gidan ka yi? Sai na ji maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, don da ita na yi shekara da shekaru ina tura wa mahaifinsa kwano, a wannan zauren, a kan irin wannan tabarmar.

Wanda bai ga 1973 ba ba zai gane dalilin da ya sa mu 'yan wancan zamani muke ganin girman ƙiba ba. Shekarar ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye, fadama ta tsattsage. Mutanen arewa da mu suka yi ta gangarowa da sauran dabbobin da ba su mutu ba, mata riƙe da ƙorai. Na ga yaro ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Bayan shekara goma da 'yan kai, a 1984, aka sake ɗanɗana wata yunwar. Wanda ya tashi cikin wannan, in ya ga mutum da teɓa da kumatu, abin da idonsa ke gaya masa shi ne wannan ya tsira. Shi ya sa har gaisuwarmu ta ɗauki abin: ka yi jiki, ka ji daɗi, hutu ya karɓe ka. In amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, sai a fara tambayar ko mijin ba ya riƙe ta da kyau.

Ni da ƙanena a fadama muka tashi. Da asuba mu fita da ƙafa, mu wuni cikin laka, mu dawo da damin shinkafa a ka. Fura da nono da rana, tuwon dawa da dare, kifi in an samu, tarwaɗa ko ƙarfasa. Shinkafar da muke nomawa ma ba kullum ake cin ta ba, ta baƙo ce da ranar salla. Ƙanen nawa siriri ne kamar gora, ba wanda ke kada shi a kokawa cikin sa'o'insa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, ana ta gine-gine, sai Allah ya buɗa masa a harkar kwangila. Ya koma birni, ya sayi mota. Cikin 'yan shekaru ciki ya fito, ƙeya ta yi ninki. Wallahi murna na yi. Ina nuna shi ga mutane, ina cewa ga arzikin gidanmu ya bayyana. In ya zo Zauro sai na sa an yanka masa kaji, in aika a sayo lemun kwalba mai sanyi, a dama fura a zuba suga har cokali ya yi nauyi.

Wata rana ya zo ya ce mini likita ya auna shi, an ga suga da hawan jini, an ce ya rage tuwo ya bar zaƙi ya riƙa tafiya da ƙafa. Na san inda nake zaune a lokacin, na san rigar da ke jikinsa. Na ce masa likitoci ba su rasa abin faɗa, cuta da mutuwa na Allah ne, kai dai ci abincinka. Na buɗe kwalbar lemu da hannuna na miƙa masa. Ya karɓa, don ni ne babba, kuma a gidanmu ƙane ba ya mayar da hannun wansa.

Ba na cewa kwalba ɗaya ta kashe shi, kwana ne ya ƙare. Amma na san sau nawa ya zo gidan nan da niyyar kiyayewa na karya masa ita, kuma ba ni kaɗai ba, duk inda ya shiga haka ake yi masa don ƙauna. Daga baya ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, don ciwon suga ya riga ya kashe jijiyoyin wurin. Miki ya ƙi warkewa. Muka kai shi Sakkwato, aka yanke yatsu, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bai yi shekara biyu bayan nan ba. Ni da na girme shi da shekara shida, ni na tsaya aka sa shi a kabari.

To ga ɗansa ya taso ya bi sawu, har ya wuce uban. Shi shinkafa ce ta yi masa hanya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a nan Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya cika kwarin Rima, injinan ban ruwa suna kuka dare da rana, manyan masana'antun casa a Birnin Kebbi da Argungu suna neman shanshera. Shi ke bin kasuwanni yana saye yana kai musu. Aikin na zama ne, daga mota sai benci, waya a kunne. Safe shayi da madara da burodi, rana shinkafa da mai, dare balangu da lemu. Kafin ya cika arba'in ya kai kilo 140. Salla ta koma kan kujera. Matarsa ta ce da dare minsharinsa kan yanke, numfashi ya ɗauke har sai ta girgiza shi. Sannan suga ya bayyana, a shekarun da ya bayyana ga ubansa.

Da ya zo mini da maganar tiyata na ƙi. Na ce ina aka taɓa yanke lafiyayyen tumbi, halittar Allah? Sai ya ce, "Baba, ina tuna ranar da muka dawo da mahaifina daga Sakkwato da ƙafa ɗaya." Ban sake cewa komai ba. Na je na tambayi wani malami da na yarda da shi, ya ce neman magani ne, tunda likitoci sun tabbatar ƙibar ta zama cuta.

Yadda ya bayyana mini, ba su tsaga cikin ba. Ƙananan huji suka yi, suka zura kayan aiki da na'urar gani, suka cire wajen kashi uku cikin huɗu na tumbin ko fiye, suka ɗinke ragowar ta zama siririya kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar wa mutum da yunwa, shi ya sa ko sha'awar abincin ta ragu. Kuma ba kowane mai teɓa ake yi wa ba, sai wanda ƙibarsa ta yi tsanani, ko ta haɗu da suga da hawan jini, bayan an gwada wasu hanyoyin.

Na ɗauka da an yi aikin magana ta ƙare, ashe nan ta fara. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, romo da nono marar suga, a kurɓa kaɗan-kaɗan. Sai abin da aka niƙa ya yi laushi, kafin a kai ga tauna. Yanzu ma dole abinci mai gina jiki ya fara shiga, kifi ko ƙwai ko wake ko tsoka, don in tuwo ya riga shiga babu sauran wuri. Ba a haɗa ci da sha. Lemu mai gas an yi bankwana da shi. In ya yi gangancin shan zaƙi sai jiri da zufa da bugun zuciya su taso masa, ya ce sau ɗaya ya gwada a wajen wani biki bai ƙara ba. Akwai ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙashi da zai sha muddin rai, har da B12, domin ƙaramin tumbi ba ya iya tatsar su daga abinci yadda ya kamata, kuma rashinsu na kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiya. Lokaci-lokaci sai ya je an ɗebi jini an duba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutanenmu ke saye a tebur suna haɗiya kamar gyaɗa, an hana shi, suna iya yi wa tumbin gyambo. Wajen wata na huɗu gashin kansa ya yi ta zuba, daga baya ya tsaya.

Azumi ya same shi yana wata huɗu da aikin, likita ya ce kada ya yi na bana. Ya ce wannan ya fi komai yi masa ciwo. Babban mutum mai iyali ya riƙa shiga ɗaki yana rufe ƙofa don ya kurɓi ruwa, duk da addini ya ba marar lafiya uzuri, saboda ya san bakin mutane.

Kuma bakin bai bar shi ba. A wannan garin na ji da kunnena ana raɗa cewa ko ciwon zamani ne ya kama shi, wasu suka ce asiri aka yi masa, wasu suka ce kasuwa ce ta karye. Lokacin da yake ɗauke da nauyin da ke neman hallaka shi, babu wanda ya ce masa sannu. Yau ya sauke kusan buhu guda mai kilo 50, suga ya sauka har likita ya rage masa magani, sai ga masu jaje sun yi layi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma 'yan matanmu ne. Ana gab da biki sai a sayo musu ƙwayoyin nan da suke kira sha-ka-fashe, wai amarya ta ciko. Cikinsu akwai dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa da awo don wasu cututtuka. Kumburi yake sawa a fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Uwa da hannunta take ba 'yarta. Ina jin haushin iyayen nan ƙwarai, sai in tuna kwalbar da na buɗe, in ga tafiyarmu ɗaya. Ga kuma samari, masallacin da ke bayan gida sai an hau kabu-kabu. Duk mun karanta a makarantar zaure yadda aka koyar a raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, amma ka je walima ka gani.

Kada wani ya karanta wannan ya ce tsoho ya ce a tafi Masar. Har gobe jikina ba ya son a kwantar da mutum a yanka shi, aiki ne da ake iya rasa rai a cikinsa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan duk wanda na sani. Shi kansa yaron ya gaya mini an gargaɗe shi cewa bayan 'yan shekaru wasu ƙibar kan dawo musu, in suka koma ciye-ciye kaɗan-kaɗan duk wuni da shan zaƙi. Wanda sugansa bai yi nisa ba, ga zogale da rama da wake da kifin gulbi, ga hanyar fadama a buɗe. Likitoci na cewa tafiyar rabin awa, kwana biyar a mako, tana da babban amfani, mu da can kafin hantsi mun ninka haka. Kuma ban ce a daina karrama baƙo ba. Gidan da baƙo ya shiga ya fita ba a kawo masa komai ba, ba gida ba ne, kuma a ƙauyukan nan namu har yau akwai yaran da tamowa ke ci, waɗanda su ƙarin loma suke bukata. Ni kaina in na ga kwano ya koma cikin gida da sauran tuwo, raina ba ya daɗi. Saba'in ta wuce, abin bai fita daga jinina ba.

Na tambayi yaron yanzu me yake nema, kilo nawa yake son ya kai. Ya ce shi ya daina damuwa da sikeli. Burinsa na farko ya kai goshinsa ƙasa, kuma ya samu, ran da ya fara sujada ba kujera sai da ya yi hawaye. Yana son ya rama azuminsa da sanyin hunturu in likita ya yarda. Yana son in an yi bikin kamun kifi na Argungu ya taka da ƙafarsa har bakin Matan Fada, ya tsaya cikin jama'a ya ga masu gora da homa sun faɗa ruwa, don rabonsa da iya tsayuwar nan ya manta. Sai ya yi shiru, sannan ya ce yana son shi da kansa ya aurar da 'ya'yansa mata. Nasa auren ni na tsaya masa, uban ba ya duniya.

Da asubar da zai koma muka fita tare bayan salla, muka bi gefen gonakin shinkafa har inda tsohuwar gonarmu take. Na nuna masa wurin da ubansa ke ajiye gorar furarsa a inuwa. Bai yi haki ba, ni ne ma na nemi mu tsaya.

Muka dawo muka tarar an kawo karin kumallo, wani maƙwabcina ya shigo gaisuwa aka zauna tare. Yaron ya ci dafaffen ƙwai guda, ya ɗan taɓa ƙosai, ya janye hannu. Maƙwabcin ya tura masa kwanon yana cewa, "Haba Alhaji, wannan ai cin tsuntsu ne, daure ka ƙara."

Na ce, "Malam, ya ce ya ƙoshi." Na miƙa hannu na ɗauke kwanon daga gabansa, na kira yaro ya mayar cikin gida.