Rikoda Mai Layi Huɗu da Muryar Kawuna

A wannan wata ba maganar makaranta na zo da ita ba. Labarin wata rikoda zan ba ku, da ɓarnar da na yi da ita da hannuna.

A 2004, ban daɗe da gama Kwalejin Horon Malamai ta Bagabaga ba, na je Kumasi na sayo kwancen rikoda ƙirar Tascam, irin wadda ake kira Portastudio. Kamfanin TEAC na Japan ne ya fara fito da irinta a 1979. Mai karatu ya san kaset yana da fuska biyu. To, a kan zaren nan akwai layi huɗu, biyu na tafiya, biyu na dawowa. Ita wannan rikoda sai ta haɗa huɗun duka su fuskanci gaba, kowane layi da abin da zai ɗauka. Shi ya sa in ka juya kaset ɗin sai ka ji komai yana tafiya da baya, kamar zancen aljanu. Gudunta kuma ninki biyu ne, don haka kaset na minti 60 minti 15 kawai yake ba ka.

Amfaninta shi ne ɗora sauti a kan sauti. Ka ɗauki murya yau, gobe mai kalangu ya sa abin saurare a kunne, yana jin muryar yana kiɗa, kiɗan na sauka a layinsa daban. Kada a raina ta, domin da irinta mawaƙin nan na Amurka, Bruce Springsteen, ya ɗauki faifansa Nebraska a cikin ɗaki a 1982.

Ba don in zama mawaƙi na saye ta ba, alli ne sana'ata. Don kawuna na saya. Mai goge ne a Zongo, kuma yana da wata doguwar waƙa da ya gada, wadda take jero zuriyarmu da zangunan da fataken goro suka bi daga Kano zuwa Salaga, har lokacin da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa mutane. Ban da shi babu wanda ya riƙe ta duka.

Na ɗauke shi ran wata Asabar cikin hunturu. Makirfo ɗaya a bakinsa, layi na ɗaya, wani a gindin goge, layi na biyu. Ya yi ta tiryan-tiryan bai tsaya ba.

Wahalar ta zo ne wajen mai kalangu. Mutumin nan ya shekara ashirin yana bin Kawu a gidajen biki, amma da na sa masa abin saurare sai ya rikice. Ya ce da ni, “Malam, ni fa kafaɗarsa nake kallo, ba muryarsa kaɗai nake bi ba.” Gaskiyarsa ne. Kawu yakan ja baiti ya sassauta in ya zo kan sunan wanda yake ƙauna, ya kuma yi sauri in ya ga dama, makaɗi kuwa da ido yake gane haka. Turawa sukan fara ɗaukar ganga ne, kowa ya bi ta. Mu a nan ganga ce take bin magana. Sai da muka maimaita sau bakwai.

A na bakwai ɗin ne abin ya faru. Gajiya ta kama ni, ga magariba ta gabato. Maimakon in buɗe layi na uku, sai na buɗe na ɗaya, na danna jan maɓalli. Kaset ba shi da “a dawo baya”, duk abin da sabon sauti ya hau ya tafi ke nan. Kafin in farga, kalangu ya cinye minti ɗaya da rabi na muryar Kawu, daidai wurin da yake jero kakanni.

Na ce ba komai, in an yi hutu zan sake ɗaukarsa. Kunya ce ma ta hana ni gaya masa. Kafin hutu ya zo ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, harshe ya yi nauyi, bai sake waƙa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa.

Abin da ya rage shi ne wanda a da nake ɗauka aibi. Makirfon goge ya tsinci muryarsa daga nesa, tana nan a layi na biyu, can ƙasa da kukan tsirkiya. Bara ɗana ya juye layin cikin kwamfuta, ya rage ƙarar goge gwargwadon iyawarsa. Suna biyar ne a wurin. Uku sun fito sarai, na huɗu ni da innata muna gardama a kai, na biyar kuwa goge ya danne shi.

Don haka ina roƙon dattawanmu na Zongo da Sabonjida, duk wanda ya taɓa jin waƙar fataken Salaga a bakin masu goge, ya bar saƙo wurin edita. Zan zo da kaina ranar Asabar bayan la'asar, da rikodar da abin saurare.