Ɗaki ɗaya a kan allo mafi faɗi

Ranar 25 ga Disamba, 2015, gidajen silima kusan ɗari a Amurka da Kanada suka fara nuna fim na takwas na Quentin Tarantino, The Hateful Eight, bisa wata al'ada da aka daɗe da bari. Duk wanda ya yanki tikiti sai a miƙa masa ɗan littafi mai hotunan fim ɗin. Kafin a ga fuskar kowa, kiɗan Ennio Morricone ne ke cika zauren na 'yan mintoci, a tsakiya kuma a ba da hutu. Zaman gaba ɗaya ya ɗan haura awa uku. Hoton yana fitowa ne daga zaren fim mai faɗin milimita 70, a lokacin da galibin gidajen silima suka riga suka koma na'urar dijital. Saboda haka sai da aka bi ɗakunan ajiya aka tattaro tsofaffin injinan majigi, aka gyara su, aka nemo waɗanda suka iya aiki da su, aka kuma koya wa wasu.

Da 'yan kallo suka fito, yawancinsu tambaya ɗaya suka fito da ita, kuma har yau masoya fim ba su gama amsa ta ba. Me ya sa mutum zai sha wannan wahala, ya nemo hoto mafi faɗi, sannan ya kulle 'yan wasansa a ɗaki ɗaya?

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san girman abin da ake magana a kai. Ana auna siffar hoto ne da yadda faɗinsa ya ninka tsayinsa. Tsohuwar talabijin faɗinta ya ninka tsayinta sau 1.33, wato ta kusa zama murabba'i. Talabijin na yanzu da kwamfutar hannu suna kan 1.78. Yawancin manyan finafinan Hollywood suna kan 2.39. Tsarin da Tarantino da mai ɗaukar hotonsa Robert Richardson suka zaɓa, Ultra Panavision 70, yana kan 2.76, faɗin ya kusa ninka tsayin sau uku. Ana ɗaukar hoton a kan zare mai milimita 65, da gilashin kyamara na musamman wanda ke matse hoton ta gefe da gefe, sannan gilashin majigi ya sake buɗe shi a kan allo. Ƙarin milimita 5 da ke jikin zaren nunawa tun asali gurbin sauti ne.

Faɗin allo ya samo asali ne daga tsoro. A farkon shekarun 1950 talabijin ta shiga gidajen Amurkawa, cinikin silima ya faɗi, sai kamfanoni suka nemi abin da akwatin falo ba zai iya ba. Cinerama ya zo a 1952, CinemaScope ya biyo baya a 1953 da fim ɗin The Robe, Ben-Hur na 1959 kuma ya fito da wannan faɗi na 2.76. Finafinai kaɗan ne aka yi da shi. Na ƙarshe kafin Tarantino shi ne Khartoum na 1966, labarin Janar Gordon da Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, da faɗuwar birnin a 1885, inda Laurence Olivier, Baturen Ingila, ya shafa wa fuskarsa launi ya fito a matsayin Mahadi. Daga nan gilasan suka kwanta a ma'ajiyar kamfanin Panavision kusan shekara hamsin, har aka kakkaɓe musu ƙura don fim ɗin da jigonsa shi ne ƙiyayyar launin fata.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya a farko. Wasu shekaru bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, wani mai farautar masu laifi don lada, John Ruth, wanda Kurt Russell ya fito a matsayinsa, yana kan hanyar kai wata mata mai suna Daisy Domergue garin Red Rock inda za a rataye ta. A hanya ya ɗauki Manjo Marquis Warren, baƙar fata tsohon sojan Arewa, wanda Samuel L. Jackson ya taka, da wani ɗan Kudu mai iƙirarin cewa shi ne sabon shugaban 'yan sandan garin. Guguwar dusar ƙanƙara ta tilasta musu fakewa a wani masauki a tsaunukan Wyoming, suka tarar da mutum huɗu a ciki. Daga nan har ƙarshe, kusan komai a wannan ɗaki yake faruwa.

Rukuni na farko na masoya fim suna ganin an yi asarar kayan aiki. A wurinsu fim ɗin kaboyi fim ne na fili: dawakai a guje, duwatsu a nesa, mahayi ɗaya kamar ɗigon tawada a ƙarƙashin sararin sama. Kuma Tarantino da kansa ya ɗanɗana musu abin da gilasan za su iya. Fim ɗin ya buɗe da gunkin Almasihu na katako a kan gicciye, dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi, kyamara na ja da baya sannu a hankali har keken doki ya bayyana daga nesa. An ɗauki waɗannan wurare ne kusa da Telluride a jihar Colorado, kuma ba wanda ke musun kyansu. Sai ga shi an rufe ƙofa, ƙofar ma marar sakata, wadda sai an buga mata ƙusa duk lokacin da wani ya shigo. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin ya yi kama da sayen ingarma a ɗaure shi a zaure.

Rukuni na biyu suna cewa na farkon sun ɗauka faɗi don fili kawai aka yi shi, kuma tarihin kaboyi bai goyi bayan hakan ba. John Ford ya ɗauki Stagecoach a 1939 da hoto mai kusan murabba'i, amma duwatsun Monument Valley ba su rasa kwarjininsu ba. Sergio Leone kuwa, wanda ya sami allo mai faɗi, ya fi shahara da cika shi da fuskoki. Wanda ya kalli ƙarshen The Good, the Bad and the Ugly na 1966 zai tuna mutum uku a tsaye a tsakiyar maƙabarta, kowa na satar kallon kowa, kyamara na matsawa har ba abin da ya rage sai idanu.

Hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin ɗakin da kansa. The Hateful Eight labarin zargi ne. John Ruth ya tabbata akwai wanda ke cikin ɗakin da ba shi ne wanda ya ce shi ne ba, kuma mai kallo yana neman sa tare da shi. A hoto mai ƙunci, darakta ne ke yanke wa mai kallo abin da zai gani: ya nuna mai magana, ya yanka, ya nuna mai saurare. A faɗin 2.76, yayin da mutum biyu ke cacar baki a gaba, ana iya hango na uku a kusurwa yana rubutu a littafinsa, na huɗu a bakin murhu bai motsa ba. Ido na iya barin mai magana ya tafi yawo, kuma mai kallo da kansa ya zama ɗan sanda. Akwai ma inda ɗaya daga cikin baƙin ya ba da shawarar a raba ɗakin biyu don a zauna lafiya, gefen murhu ya zama Georgia, gefen kanta ya zama Philadelphia. Wato an shimfiɗa taswirar yaƙin basasa a daɓen ɗaki, kuma faɗin allon ya ba da damar ganin Kudu da Arewa a hoto guda, da tazarar da ke tsakaninsu.

Wannan hujja tana da nauyi, sai dai tana da gurbi, kuma masu gaskiya a rukunin na amsa hakan. Babban sirrin fim ɗin shi ne wanda ya zuba guba a tukunyar gahawa. Da a ce faɗin allon ne ke ɗauke da labarin baki ɗaya, da mai kaifin ido ya kama mai laifin a gefen hoto. Amma bayan hutun rabin lokaci muryar Tarantino ce ta shigo ta mayar da labari baya, ta sanar cewa an zuba gubar, aka nuna hannu ba tare da fuska ba. A wurin da ya fi muhimmanci, darakta ya karɓe 'yancin da ya ba ido. Don haka abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne faɗin ya gina yanayin rashin yarda, ya hana mai kallo sakin jiki, ko da bai warware masa ƙullin ba.

Akwai rukuni na uku, waɗanda ba ruwansu da fili ko ɗaki. Tambayarsu ita ce, wa ya ga fim ɗin da ake yabo? Nunin milimita 70 ya taƙaita ga manyan birane kaɗan. A wasu wuraren hoton ya riƙa dushewa ko injin ya tsaya, har aka ƙarasa da na'urar dijital. A Los Angeles Tarantino ya fito fili yana kukan cewa Disney ta hana shi zauren Cinerama Dome saboda Star Wars: The Force Awakens. A Birtaniya, Cineworld da Picturehouse da Curzon sun ƙi nuna fim ɗin sakamakon saɓani da mai rarraba shi kan wanda zai nuna na milimita 70 a tsakiyar Landan. Mafi yawan masu kallo sun ga gajeren ne, mai kimanin minti 168, ba kiɗan buɗewa, ba hutu. Kuɗin da ya tara a duniya bai kai rabin na Django Unchained ba. A 2019 kuma Netflix ta fitar da shi a kashi huɗu, kamar shirin talabijin mai dogon zango, da amincewar Tarantino.

Lissafin nan ba ya buƙatar gwani. A kan talabijin ta zamani, hoton 2.76 yana cin kusan kashi biyu cikin uku na tsayin allon, saura baƙin layi ne sama da ƙasa. A wayar da aka riƙe a tsaye, bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Mutumin da ke rubutu a kusurwa ya koma kamar ƙwayar gero. Duk wanda ya kalli fim ɗin a haka ya ce magana ce kawai a ɗaki, bai yi ƙarya ba, domin abin da ya gani ke nan. Wanda ya kalle shi a babban allo ya ce idonsa bai huta ba, shi ma bai yi ƙarya ba. Rabin gardamar masoya fim a kan The Hateful Eight gardama ce tsakanin mutanen da suka kalli abubuwa biyu masu suna ɗaya.

Wannan batu ya shafi mai kallo a Kano ko Yamai fiye da yadda ake zato, domin kaboyi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Silimomi irin su Rex da Palace da Plaza a Kano sun nuna shi tare da finafinan Indiya, har kalmar ta zauna a harshe. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Mutanen wancan zamani sun san kaboyi a kan allon da ya fi gidajensu tsayi, cikin jama'a, inda shewar wani ke sa ka juya ka ga abin da ya hango. Jikokinsu sun fi su yawan finafinai nesa ba kusa ba, amma yawanci a tafin hannu suke kallonsu, kuma masu shirya fim a ko'ina, har da Kannywood, sun san haka. Wanda ya san a waya za a kalle shi zai matso da kyamara kusa da fuska, ya ajiye mai magana a tsakiya, ya bar gefe babu kowa. Sannu a hankali ɗabi'ar neman abu a gefen hoto takan mutu, ga mai ɗauka da mai kallo.

Ta wannan fuska za a fi fahimtar taurin kan Tarantino. Masu sukarsa suna da gaskiya cewa akwai nuna isa a ciki, kuma fim ɗin yana da tsawo da zubar da jini da ba kowa ke iya jurewa ba. Amma gwajin ya bar baya da kyau. Morricone ya sami kyautar Oscar a 2016 saboda kiɗansa. An ɗora gilasan a kan kyamarar dijital aka ɗauki Rogue One. Injinan da aka gyara sun sauƙaƙa wa finafinan da suka biyo baya fita a milimita 70, irin su Dunkirk a 2017. A 2025 Ryan Coogler ya koma ga Ultra Panavision 70 a Sinners, wanda shi ma babban ɓangarensa a cikin gini ɗaya yake, a dare ɗaya, da mutanen da ba su san wanda za su buɗe wa ƙofa ba.

Mai son ya yanke hukunci da kansa yana da hanya ko ba zauren milimita 70 a garinsu. Ya nemi allo mafi girma da zai iya samu, ya kashe fitila, ya matso kusa, kada ya taɓa maɓallin da ke cika allo ta hanyar datse gefen hoto. Idan John Ruth ya fara zagaya ɗakin yana tambayar kowa sunansa, ya bar shi da tambayoyinsa, ya sa ido a kan waɗanda ba a zo kansu ba tukuna.