Raunin da Ba Ya Zubar da Jini

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya zauna karatu a Makka ya ji labarin yammacin Juma'a, 11 ga Satumba 2015, lokacin da iska da ruwan sama suka kayar da wata ƙatuwar ƙugiyar gini a cikin Harami. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da alhazan Najeriya, kusan 400 suka jikkata. Allah Ya jiƙansu.

Abin da ya ja hankalina shi ne shari'ar da ta biyo baya. A 2017 kotu ta wanke kamfanin Binladin mai aikin faɗaɗa masallacin, aka jingina abin ga guguwa. Aka sake wanke shi a 2020. Sai a 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, a 2023 kuma aka samu kamfanin da laifin sakaci, aka ci shi tarar Riyal miliyan 20. Shekara takwas ke nan kafin a ce, iska dai ta Allah ce, amma barin hannun ƙugiya a miƙe aikin mutum ne. Tun farko Sarki Salman ya ba da umarnin a biya Riyal miliyan 1 ga iyalan kowane mamaci da wanda ya nakasa har abada, dubu 500 ga sauran masu rauni.

To, wa ake ƙirgawa a cikin masu rauni? Karyayyen ƙafa kowa na ganinsa. Amma wanda ɓaraguzai suka buga wa kai, ya suma na minti biyu, ya farfaɗo ya ce "lafiya lau," shi fa? Ƙwaƙwalwa laushi gare ta, idan aka girgiza kai sai ta bugi ƙoƙonsa daga ciki, kuma sau da yawa hoton asibiti ba ya nuna komai. Sai daga baya ciwon kai ya zo, da mantuwa, da saurin fushi. Ina da ɗan uwa a Katsina da ya faɗo daga acaɓa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Yau ba ya iya riƙe lissafin shagonsa. A gida aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ba wanda ya tuna da faɗuwar, balle ya nemi direban motar da ya ture shi.

Mu kan ji nauyin neman haƙƙi, kamar yin hakan jayayya ce da ƙaddara. Ni dai da na koma kan babin diyya a Risala, wadda muka karanta a zaure tun muna yara, ban ga wannan nauyin ba. Raunin da ya bayyana ƙashin kai raƙuma 5 ne, wanda ya gusar da ƙashin 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Gushewar hankali kuwa diyya ce cikakkiya, daidai da ta rai, ko da bisa kuskure ne.

A Amurka ma sai da aka kai ruwa rana. Wani likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster a 2002, ya gano lalacewar da yawan karon kai ke jawo wa 'yan ƙwallon Amurka. Hukumar wasan, NFL, ta yi ta musu, amma a 2013 ta amince ta biya dala miliyan 765 ga dubban tsofaffin 'yan wasa.

Wannan ya sa nake tuna 'yan dambenmu. Na sha ganin an buge mutum ya zube, mu 'yan kallo mu yi shewa mu ce an kashe shi, a yayyafa masa ruwa, washegari ya sake naɗe hannu. Likitoci kuwa sun ce bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari. Ban taɓa ganin mai gidan dambe ya tambayi wanda ya faɗi ko yana tuna sunan garin da suke ba.