Kwamfutar da Aka Yanka da Awon Wani

A cikin birnin Zariya, inda ɗinkin babbar riga ya zama gado a gidaje da yawa, babu telan da zai sa almakashi a yadi bai ɗauki awon mai kaya ba. Amma kwamfutar ofis haka take isowa, an riga an yanka ta. Wasu injiniyoyi a Amurka ne suka zaɓi girman harafin da Word zai buɗe da shi, da hasken farar takardar da ke kan fuskar na'urar, da sirantar kibiyar da linzami ke ja. Awon da suka ɗauka na mai lafiyayyen ido ne da hannu marar rawa. Sun bar hanyar sauya kusan komai, sai dai yawancin ma'aikata na karɓar saitin farko tamkar doka, alhali zaɓi ne kawai na wanda bai taɓa ganinsu ba.

Akwai wani magatakarda a wata makaranta da ke cikin ganuwa, ba nisa da Ƙofar Doka, wanda ya kusa shekara sittin. A kan tafireta ya koyi aiki, irin horon akawu da aka san Zariya da shi tun da aka buɗe cibiyar horar da akawuna a Kongo a 1947, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Da kwamfuta ta zo bai ja da baya ba, ya koyi Word da Excel, har ya zama shi ake nema idan takarda ta rikice. Daga baya ne ido ya fara ƙin abin da ke kusa. Lamba 3 ta soma kama da 8, 1 ta soma kama da 7. A wani zango aka sami kuskure a makin ɗalibai biyu, aka gyara ba tare da hayaniya ba, amma shi ya san daga inda kuskuren ya fito.

Abin da ya yi shi ne abin da mutane da yawa ke yi: ya ɓoye. Ya fara miƙa wa wani matashin malami aikin cike jadawali, wasiƙu kuma yakan kai su wani shagon buga takardu a Tudun Wada da kuɗin aljihunsa. Ta haka jerin albashin malamai, da sunayen iyayen da ake bi bashin kuɗin makaranta, da takardun ladabtarwa suka riƙa bi ta hannun waɗanda bai kamata su gani ba. Darajar magatakarda riƙon sirri ce. Tsoron kada a ce ya tsufa ya sa yana zubar da abin da aka ajiye shi dominsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, na nesa ko na kusa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Tsakanin mai cikakken gani da makaho akwai jama'a mai yawa da ba ta da suna: waɗanda idonsu ke taurin karanta na kusa bayan shekara arba'in, waɗanda haske ke sa su ciwon kai, waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta bar su da hannu ɗaya. Ba sa kiran kansu masu naƙasa, don haka ba sa leƙa sashen saitin da aka tanadar wa masu buƙata ta musamman. Suna ganin ɗakin wasu ne.

'Yar ƙanen magatakardan, wadda ke karatu a Samaru, ita ce ta lura yana kai fuskarsa daf da gilashin na'urar. Da ta ce a ƙara girman rubutun, sai ya ƙi. Hujjarsa mai ƙarfi ce: wasiƙar hukuma tana da tsarinta, idan ya kai harafi 20, takardar shafi ɗaya za ta zama uku, kowa kuma zai gane dalili.

"Baba, ai ba takardar za mu taɓa ba," in ji ta. "Tabarau za mu sa wa kwamfutar. Abin da zai fito a firinta yana nan yadda kuka saba."

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma rashin saninsa ne ke tsare mutane da yawa. Girman harafi yana cikin takardar, yana binta duk inda ta je. Girman gani kuwa yana kan fuskar kwamfutar mai aiki kaɗai. Wanda ya danne maɓallin Ctrl ya murza ƙafar linzami zai iya kai shafin Word har ninki biyar, na Excel ninki huɗu, ba tare da ko ɗigo ya motsa a takardar da za a buga ba. Shugaban makaranta zai karɓi wasiƙa irin ta kullum, bai san da wane girma aka rubuta ta ba, kuma ba ruwansa.

Sai dai shafi ba shi ne komai ba, don sunayen fayiloli da umarnin da ke saman Word sukan zauna ƙanana. Maganinsu yana cikin Windows. Danna maɓallin Windows tare da U yana buɗe sashen sauƙaƙa amfani, inda ake ƙara girman rubutun na'urar gaba ɗaya har kashi 225 cikin 100, a kaurara kibiyar linzami, a ba ta launin da ba ya ɓacewa a farin shafi. Windows tare da alamar tarawa yana kiran Magnifier, madubin da ke bin kibiya yana faɗaɗa inda ta tsaya. Wanda farin shafi ke kashe wa ido zai iya juya launuka, rubutu ya zama fari a kan baƙi. Mai hannu ɗaya, ko mai rawar hannu, idan ya danna Shift sau biyar a jere zai kunna Sticky Keys, ya riƙa danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya maimakon haɗa biyu ko uku a lokaci guda.

Abin da ya fi yi wa magatakardan amfani bai ma shafi ido ba. Word yana da umarnin Read Aloud, wanda ke karanta takarda a bayyane. Yakan sa a karanto masa lambobi yana bin takardar asali da yatsa, kamar yadda akawuna biyu ke tantance lissafi a da, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa. Kunne ba ya rikita uku da takwas. Cikin zango guda ya daina zuwa Tudun Wada, jadawalin albashi ya koma inda ya dace da shi.

Da aka zo kan Hausa, sauƙin ya ragu. Muryar da ke zuwa da kwamfutocin ofisoshinmu ta Turanci ce, kuma idan aka ba ta wasiƙar Hausa sai ta tauna kalmomin har mai wasiƙar ya kasa gane abinsa. Jan layin da Word ke zanawa ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, don ya ɗauka Turanci ne aka rubuta ba daidai ba, yana ƙara wa raunanan idanu wahala. Ana kawar da shi ta hanyar zaɓar rubutun a gaya wa manhajar kada ta duba ƙa'idarsa. Sai haruffa masu lanƙwasa. A Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma ɗab'in boko ya zauna da ƙafafunsa da ɓ da ɗ da ƙ, amma yau ofisoshi da yawa a garin sun yar da su don wuyar nema. Windows yana da allon rubutun Hausa da za a iya ƙarawa. A Word kuma, wanda ya rubuta 0199 ya danna Alt da X zai sami ƙ, 0257 ya ba shi ɗ, 0253 ya ba shi ɓ, kuma zai iya koya wa AutoCorrect gajeriyar hanya sau ɗaya ya huta. Lanƙwasar nan ce ke raba ƙafa da kafa, ta sauke wa mai karatu nauyin cinka.

Gyaran kwamfutar mai rubutu rabin aiki ne. Sauran rabin yana wurin wanda za a aika wa takardar. Makaho mai ilimi a yau yana karatu da manhaja irin NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, aka fara ta a 2006, ana kuma raba ta kyauta. Tana karanta rubutu, amma hoton wasiƙa da aka ɗauka da waya aka watsa a WhatsApp, kamar yadda sanarwar ofis ke yawo yanzu, bango ne a gabanta. Kanun da aka yi da salon Heading yana ba makaho damar tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Wanda aka kaurara kawai aka ja masa layi ba ya ba shi komai. Jadawalin da ja da kore kaɗai ke nuna wanda ya biya da wanda bai biya ba, shiru ne a kunnensa. Tun Office 2010 akwai Accessibility Checker da ke nuna irin waɗannan kurakurai kafin a aika. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ofishin da ya ɗauki makaho aiki, sannan ya ci gaba da aika masa hotunan takardu, albashi kawai ya ba shi.

Zariya ba baƙuwar wannan darasi ba ce. Aliyu Namangi, mai Waƙoƙin Imfiraji, ya makance tun yana ƙarami, amma aikinsa ya shiga littafi, ya shiga manhajar makarantu, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Shi ke tsarawa, wasu na rubutawa. Ba wanda ya ce sai ya riƙe alƙalami kamar kowa kafin a saurare shi. An gyara hanyar aikin ne ta dace da shi.

Saiti dai ba magani ba ne. Hawan jinin ido yana cin gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Wanda ya ga yana ƙara girman shafi wata bayan wata, asibitin koyarwa na Shika ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ya kamata ya nufa, ba sashen saiti ba.

Abin da ya rage yana hannun shugabannin ofisoshi. Kunya ce ke hana ma'aikaci tambaya, don haka bai kamata a jira ya tambaya ba. Ranar da aka ba mutum kwamfuta, babba ne ko yaro, a buɗe masa asusunsa na kansa don saitinsa ya zauna ko da wasu na amfani da na'urar, a zauna da shi minti goma a tambaye shi yadda ya fi son ganin rubutu. Idan kowa aka yi wa awon, ba wanda za a nuna da yatsa.