Ɗanyen Daimon Da Haƙƙin Mai Haƙa

Gidajenmu da yawa sun ci abinci da fataucin daimon, tun daga Barbarati da Karno a Afirka ta Tsakiya har zuwa yankin Baturi a gabashin Kamaru. Ni ma a shagon kawuna na koyi duba dutse. Zan yi magana a kan mai ƙaramar daraja, domin shi ne ya fi zuwa hannun masu haƙa.

Ɗanyen daimon ba ya walƙiya irin ta na zobe. Dushi-dushi yake, kamar fasasshiyar kwalbar da aka shafa wa mai. Abu huɗu ake dubawa: nauyi, siffa, launi da tsabta. Da karat ake auna shi, karat 5 kuwa giram 1 ne. Siffar da aka fi so ita ce mai fuska 8, domin ta fi albarka wajen yanka. Ko ita ma kusan rabin nauyinta yakan zube. Fari tas ya fi mai ruwan ƙasa tsada. Sai a ɗauki madubi mai ƙara girma sau 10, a nemi tsaga da baƙin ɗigo. Tsaga ɗaya a tsakiya tana iya karya kuɗin dutse.

Wanda ba ya yankuwa, sai masana'antu: a niƙa shi, a sa a bakin zarton yankan dutse ko injin haƙa rijiya. A yau kuwa galibin daimon ɗin wannan aiki a masana'anta ake ƙera shi, shi ya sa kuɗin na ƙasa ya faɗi. Kada kuma kowa ya gwada dutse da guduma. Daimon ya fi kowane dutse tauri, amma bugu yana fasa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, mai haƙa yakan shafe watanni cikin taɓo, da bashin abinci da na shebur a wuyansa, sau da yawa na mai sayen ne da kansa. Ba shi da madubi, ba shi da sikeli. In an ce masa akwai tsaga, sai ya yarda. Kawuna yakan miƙa masa madubin ya gani da idonsa, ya auna a gabansa, kuma ba ya hana shi kai dutsen wani shago. Wasu sun ɗauke shi wawa, amma masu haƙa ƙofarsa suke fara bugawa.

Tsarin Kimbali na 2003 yana tambayar inda dutse ya fito. Nawa aka biya wanda ya haƙo shi kuwa, ba a rubuta wannan a takardar. Amma Suratul Muɗaffifina ta gargaɗi masu tauye awo, kuma ƙirƙirar aibin da babu shi domin a karya farashi ha'inci ne. Mai saye ya ci ribarsa, halal ce, in dai ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Allah ya tsarkake mana abincinmu, amin.